Yadda Ake Horar da Ma'aikatan Cibiyar Renon Yara Su Iya Rubuta Takardar Neman Tallafi

Cibiyoyin renon yara da ba na neman riba ba galibi mutum ɗaya ne ke rubuta musu takardun neman tallafi, ko dai shugabar cibiya ko wani da ake ɗauko hayarsa daga waje. Ranar da wannan mutum ya ajiye aiki, ko ciwo ya kwantar da shi ana saura mako guda wa'adi ya cika, shi ke nan ƙofar kuɗi ta rufe. Ga shi kuwa masu rainon da ke wuni da yaran su suka san komai: wane yaro ne ke zuwa da yunwa, wane wata ne iyaye suka fi janye 'ya'yansu, iyaye nawa ne suka dawo suna tambaya ko gurbi ya samu. Abin da ba su sani ba shi ne yadda ake zuba wannan sani cikin fom ɗin mai ba da tallafi, kuma shi za a koya musu.

Tsarin da ke ƙasa na mutum 4 zuwa 8 ne, zama shida, kowane zama awa uku, sau ɗaya a mako. Sharaɗinsa ɗaya: a gudanar da horon a kan takarda ta gaske wadda za a aika a ƙarshe. Bitar da aka yi a kan misalin ƙirƙira, da an watse an manta da ita.

Abubuwan da za a tanada

Na farko, sanarwar neman tallafi ta gaske wadda ta dace da aikinku, kuma wa'adinta bai gaza mako takwas ba daga ranar da za a fara. A buga wa kowa kwafinsa a takarda, domin za a yi ta ja mata layi. Idan babu buɗaɗɗiyar sanarwa a lokacin, a ɗauko ta bara daga gidauniyar da ke buɗe ƙofa duk shekara, a rubuta a ajiye. Sai dai a sake duba sabuwar idan ta fito, don sukan sauya tambayoyi.

Na biyu, tsofaffin takardu guda biyu, wadda ta ci da wadda ta faɗi, haɗe da wasiƙun amsarsu. Sabuwar cibiyar da ba ta taɓa nema ba sai ta roƙi wata ƙungiya ta ara mata, a rufe sunaye da adadin kuɗi.

Na uku, takardun ƙungiya a fayil ɗaya: shaidar rajista, kundin tsarin mulki, sunayen 'yan kwamitin amintattu, rahoton mai binciken kuɗi na shekara biyu da suka wuce, kasafin bana, bayanin asusun banki mai ɗauke da sunan ƙungiya, da rubutacciyar ƙa'idar kare yara daga cin zarafi. Wannan ta ƙarshen masu ba da tallafi ga aikin yara da yawa ba sa ko buɗe takardar wanda ba shi da ita. Idan babu, a rubuta ta, kwamiti ya amince ya sa hannu kafin zama na biyar.

Sai rajistar halartar yara ta wata 12, jerin masu jiran gurbi, takardar albashi, da rasitan abinci, haya, wuta da ruwa na aƙalla wata uku. Kayan zama kuma: kwamfuta ɗaya ga mutum biyu mai Excel ko Google Sheets, kalkuleta, manyan takardun mannawa a bango, da biro ja da shuɗi. In kwamfuta ɗaya ce tak, a yi komai da hannu a takarda mai layi, mutum ɗaya ya shigar daga baya.

Abu na ƙarshe da aka fi mantawa: wanda zai riƙe yara a lokacin zama. Mai rainon da ake kira duk bayan minti goma ba ta koyon komai. Ko a samo masu riƙon ƙwarya, ko a yi zaman bayan an tashi a biya ma'aikata ladan lokacinsu.

1. Zaɓen mutane da raba aiki

A haɗa mai raino biyu ko uku, mai riƙe da lissafin kuɗi, shugaba, da ɗan kwamitin amintattu ɗaya idan zai samu. Kada a zaɓa bisa iya Turanci kaɗai. Wadda ta san yara ciki da bai amma rubutunta bai nuna ba, a haɗa ta da wanda hannunsa ya faɗa: ita ta faɗa, shi ya rubuta. Tun ranar farko a naɗa mutum ɗaya mai riƙe jadawali, shi ne zai riƙa bin kowa bashin abin da ya yi alkawari. Zai fi kyau kada ya zama shugaba, domin aiki ya riga ya yi mata yawa.

2. Zama na farko: karanta sanarwa

A karanta sanarwar da murya, layi-layi, tun daga farko har ƙarshe, har da ƙananan rubutun ƙasa. Kowa ya ja jan layi a ƙarƙashin duk abin da yake dole, shuɗi kuma a ƙarƙashin abin da mai tallafin ya ce yana so. Daga nan a cike waɗannan a takardar bango: wa ya cancanta, nawa ne mafi ƙaranci da mafi yawan abin da ake bayarwa, tsawon wata nawa, me ba sa biya, waɗanne takardu za a haɗa, iyakar kalmomi ko shafuka, rana da awar rufewa, da yadda za a raba maki.

Sannan a yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci: mu nema ko mu bari? Idan sanarwa ta ce sai ƙungiyar da ta shekara uku da rajista ku kuma shekararku biyu, magana ta ƙare, iya rubutu ba zai gyara wannan ba. Idan sun ce ba sa biyan gini ku kuma rufi kuke son sauyawa, a nemi wani. Kuskuren sababbin shiga shi ne lanƙwasa aikin cibiya don ya shiga sanarwa, a ƙirƙiro shirin da ba a taɓa yi ba saboda an hango kuɗi. Ko an ci, a wuya yake zama.

A duba kuma ko akwai rajistar da sai an yi kafin a iya nema. Tallafin gwamnatin tarayyar Amurka, alal misali, sai ƙungiya ta yi rajista a shafin intanet na SAM.gov ta samu lambar shaida kafin ta iya aikawa ta shafin Grants.gov, kuma rajistar kan ci makonni. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka irin wannan a makon farko ake farawa.

A rufe zaman da zana jadawali daga baya zuwa gaba: ranar rufewa, ranar aikawa kwana biyu kafin ita, ranar sa hannun kwamiti mako guda kafin nan, haka har a iso yau.

3. Zama na biyu: bayyana matsala da hujja

A ba kowa minti goma ya rubuta matsalar da ake son magancewa a jimla uku. Kusan kowa zai rubuta wani abu kamar "cibiyarmu ba ta da isassun kuɗi" ko "muna buƙatar ƙarin ɗaki". Nan ne darasin yake. Rashin ɗaki matsalar cibiya ce. Mai ba da tallafi matsalar yara da iyayensu yake son ji. A sa su juya maganar: saboda babu ɗakin, me ke faruwa da wa?

Ga misalin yadda take komawa, da alƙaluman da aka ɗauko daga rajista: "Cibiyar na da gurbin yara 60, kuma a cike take. Akwai yara 45 a jerin jira, 28 daga cikinsu 'yan ƙasa da shekara uku ne. Daga iyaye 30 da muka tambaya, 19 sun ce suna barin ƙaramin a hannun yayarsa, wadda hakan ke hana ta zuwa makaranta." Alƙaluman nan na kwatance ne, kowa ya ɗauko nasa. Abin lura shi ne kowace lamba tana da takardar da za a iya buɗewa a nuna. Lambar da ba a san asalinta ba a cire ta, komai daɗinta a kunne.

Idan ba a taɓa ajiye irin waɗannan bayanai ba, a tsara tambayoyi biyar gajeru, masu raino su yi wa iyaye 20 zuwa 30 a lokacin ɗaukar yara cikin mako guda, ba tare da rubuta suna ba. A cikin takardar kuma a faɗi gaskiyar mutum nawa aka tambaya da kuma yaushe.

Don kada a manta wani ɓangare, ana iya bin rukunai biyar na tsarin kula da ƙananan yara da Hukumar Lafiya ta Duniya, UNICEF da Bankin Duniya suka fitar a 2018: lafiya, abinci mai gina jiki, kulawar da ke amsa buƙatar yaro, tsaro da kariya, da damar koyo tun da wuri. A tambayi masu raino inda giɓi yake a kowanne, sannan a zaɓi ɗaya ko biyu. Takardar da ta ce za ta magance duka biyar da ƙaramin tallafi, mai karatu ba zai yarda ba. Jimla ɗaya ta isa ta haɗa aikin da muradi na 4.2 cikin muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ke neman kowane yaro ya samu kulawa da ilimin share fagen firamare nan da 2030. Kada a cika shafi guda da alƙaluman duniya, mai tantancewa ya san su.

4. Zama na uku: manufa, ayyuka da sakamako

A raba takardar bango gida huɗu: abin da za a zuba a aikin, abin da za a yi, abin da za a ƙirga, abin da zai canza. Wannan sauƙaƙaƙƙen salo ne na teburin tsara aiki da aka ƙirƙiro wa hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, a 1969, wanda masu ba da tallafi da dama ke nema har yanzu.

Inda ake tuntuɓe shi ne tsakanin gida na uku da na huɗu. "An horar da masu raino 6" abin ƙirgawa ne. "Masu raino 5 cikin 6 suna wanke hannu da sabulu kafin ciyarwa da bayan sauya wa yaro ƙunzugu a duk lokacin da aka duba" shi ne canji. A yi ta wannan atisaye da misalai goma, mai horarwa na karantawa su suna faɗin gidan da kowanne ya faɗa, har sai kunne ya saba.

Kowace manufa sai ta amsa tambayoyi biyar: me takamaimai, yaya za a auna, zai yiwu da abin da ke hannu, ya shafi matsalar da aka bayyana, zuwa yaushe. "Inganta rayuwar yara" ba ta amsa ko ɗaya ba. "Nan da wata 12 a buɗe aji ɗaya na yara 20 'yan shekara biyu zuwa uku, 16 daga cikinsu su riƙa halartar aƙalla kwana huɗu cikin biyar" ta amsa duka. Manufa biyu ko uku sun isa. A gaban kowace a rubuta wa zai auna, da wace takarda, sau nawa. Idan ma'aunin na buƙatar kayan da cibiya ba ta da su ko ƙwararren da ba a sa kuɗinsa ba, a sauya shi da wanda rajistar yau da kullum za ta iya nunawa.

5. Zama na huɗu: kasafin kuɗi

Wannan zaman shi ya fi tsorata mutane, kuma shi mai tantancewa ya fi tsayawa a kai. Wasu ma da shi suke fara karatu. Idan awa uku ba ta isa ba a ƙara zama, kada a gaggauta.

A buɗe tebur mai ginshiƙi bakwai: abu, ma'auni, yawa, sau nawa, kuɗin guda, jimla, bayani. A ɗauko jerin ayyukan zaman da ya wuce a bi su ɗaya bayan ɗaya ana tambaya: me wannan zai ci? Kowane layi a nuna lissafinsa a fili. Abinci: yara 40 sau kwana 220, wato ciyarwa 8,800, sau kuɗin ciyar da yaro ɗaya a rana kamar yadda rasitai suka nuna. Albashi: mai raino 2 sau wata 12 sau albashin wata, a ƙara abin da dokar ƙasa ta ɗora wa mai ɗaukar aiki na fansho ko inshora. Shugabar da za ta ba aikin kwana ɗaya cikin biyar, kashi 20 cikin 100 na albashinta za a sa, kada a sa duka. Kayan da za a saya a nemo farashinsu a rubuce daga masu sayarwa biyu ko uku a ajiye a fayil.

Akwai kuɗaɗen da ba na wani aiki guda ba ne amma cibiya ba ta tafiya sai da su: haya, wuta, intanet, mai lissafi, binciken kuɗi. Kowane mai tallafi da iyakar da ya yarda a sa. A dokokin tallafin gwamnatin tarayyar Amurka, ƙungiyar da ba ta da wani kaso da aka yi yarjejeniya a kai a da tana iya ɗaukar kashi 10 cikin 100, aka ɗaga zuwa 15 daga Oktoba 2024. Wasu gidauniyoyin sukan ba da ƙasa da haka, wasu ba sa bayarwa sam. Abin da sanarwa ta faɗa shi ne doka. Kunya kan sa sababbin marubuta su bar wannan layi babu komai don a ga sun yi arha, daga baya cibiya ta riƙa ciyar da aikin daga aljihunta.

Idan an nemi gudummawar cibiya, a duba ko sun yarda da wadda ba ta tsabar kuɗi ba, kamar ɗakin da aka bayar kyauta ko awannin 'yan sa-kai. In sun yarda, sai an riƙa ajiye takardar sa hannu da ke nuna awannin.

Kurakuran da suka fi yawa: jimlar da ke cikin bayani ta saɓa da ta tebur, an ambaci taron iyaye a rubutu amma babu kuɗinsa a kasafi, ko an sa kwamfuta a kasafi babu inda aka faɗi amfaninta, layi mai suna "sauran abubuwa" da kuɗi mai kauri, mantawa da hauhawar farashi a aikin shekara biyu, da rubuta jimla da hannu a Excel maimakon a bar manhajar ta tara, sai a gyara layi ɗaya jimlar ta tsaya a yadda take. Idan da kuɗin wata ƙasa za a nema, a rubuta farashin canjin da aka yi amfani da shi da ranarsa. Kafin a tashi, wanda bai taɓa teburin ba ya bi shi da kalkuleta daga sama har ƙasa.

6. Zama na biyar: rubutu

A raba sassan fom ga mutum bibbiyu. A amsa tambayoyi bisa jerin da suka zo, da kanun da mai tallafi ya sa, kada a sauya musu wuri. Sashen da ya fi maki shi zai fi samun lokaci da kalmomi. A rubuta a wani fayil daban tukuna, don shafin intanet kan ɗauke ya tafi da aikin awa biyu, sannan a kula ko iyakar ta kalmomi ce ko ta haruffa, domin akwatin fom yakan datse abin da ya wuce ba tare da gargaɗi ba.

Taƙaitaccen bayani, duk da shi ne a shafin farko, a ƙarshe ake rubuta shi: wa kuke, wace matsala, me za ku yi, ga yara nawa, cikin wata nawa, nawa kuke nema.

Akwai tambayar da kusan kowane fom ke yi: bayan tallafi ya ƙare, yaya aikin zai ci gaba? "Za mu nemi wasu masu tallafi" amsa ce marar nauyi. A faɗi abin da ke ƙasa: kason da kuɗin da iyaye ke biya ke ɗauka, yarjejeniyar da aka riga aka sa wa hannu, kayan da sau ɗaya ake saya su shekara biyar suna aiki.

Batun labarin yara da hotunansu a tsaya a kansa sosai. Labari ɗaya gajere yana raya takarda, amma ba a sa sunan yaro na gaskiya, ko wani bayani da zai sa a gane gidansu, ko ciwonsa haɗe da hotonsa. Hoto sai da izinin iyaye a rubuce, an faɗa musu inda za shi, kuma sun san ƙin yarda ba zai shafi gurbin ɗansu ba. Sashe na 16 na yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya tanadi kare sirrin yaro. Hoton yaro tsirara ko yana kuka don a jawo tausayi yakan jawo akasin abin da ake nema, domin yana nuna cibiyar ba ta bin ƙa'idar da ta haɗo da takardar.

Wanda ya yi amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira don gyara jimloli, kada ya zuba mata bayanan yara, kuma ya duba kowace lamba da ta fito, don takan ƙago abin da babu. Daga ƙarshe mutum ɗaya ya haɗa sassan ya daidaita harshensu, kada a ce "yara 40" a shafi na biyu a ce "kimanin 50" a na shida.

7. Zama na shida: tantancewar gwaji

A gayyato mutum biyu da ba su san aikin ba. A ba su takardar da ma'aunin makin da ke cikin sanarwa, a ba su minti 30 kacal, don mai tantancewa na gaske ma tari ne a gabansa. Su ba da maki, su faɗi inda suka ruɗe. Doka ɗaya ce ga marubuta: ba a kare kai, ba a cewa "ai abin da muke nufi shi ne". Duk abin da sai an yi bayaninsa da baki, bai shiga takarda ba. A rubuta gyare-gyaren, a raba, a ba da kwana uku.

Mai horarwa ya kiyayi karɓe alƙalami a wannan gaɓa. Idan ya sake rubuta komai da kansa takarda za ta yi kyau, amma an koma gidan jiya, mutum ɗaya ne ya iya.

8. Aikawa

A ɗauko takardar bangon zaman farko a bi jajayen layukan ɗaya-ɗaya ana yin alama. A duba sa hannu, hatimi, nau'in fayil da girmansa, da sunan da aka ce a ba kowane fayil. A tabbatar da agogon wace ƙasa ake nufi da awar rufewa. A aika ana saura awa 48, domin shafuka kan cushe a ranar ƙarshe. A ɗauki hoton shaidar karɓa, a ajiye kwafin duk abin da aka aika a wuri biyu, kuma imel ɗin da aka bayar ya zama na ƙungiya wanda mutum biyu ke iya buɗewa.

9. Bayan amsa ta zo

Idan ba a dace ba, a rubuta gajeriyar wasiƙar godiya a roƙi makin da aka samu ko dalilin faɗuwa. Ba kowa ke amsawa ba, amma wanda ya amsa a karanta bayaninsa a gaban duk waɗanda suka yi horon. Idan an dace, a zauna a karanta yarjejeniya kamar yadda aka karanta sanarwa, da jan biro: ranakun rahoto, kason da aka yarda a matsar daga wani layin kasafi zuwa wani ba tare da izini ba, da shekarun da za a ajiye rasitai. Kuɗin da aka bayar don abinci ba a biyan haya da shi sai da izini a rubuce.

Ko an ci ko an faɗi, a ware sassan da ba sa sauyawa sosai, wato tarihin cibiya, bayanin ma'aikata, ƙa'idar kare yara da teburin kasafi, a zuba su a fayil ɗaya mai kwanan wata, a riƙa sabunta alƙalumansa duk wata shida. Takarda ta gaba a nemi ƙaramar sanarwa cikin wata uku, a ba biyu daga cikin waɗanda aka horar su jagorance ta, mai horarwa ya tsaya a matsayin mai tantancewar gwaji kawai.